Ɗanlami ko Ɗan'asabe: neman ranar haihuwata a makon da aka kashe Sardauna

Duk takardar da ke ɗauke da sunana, tun daga shaidar gama firamare har katin ɗan ƙasa, cewa take an haife ni ran 1 ga Janairu 1965. Takardun yayana ma haka suka ce. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma ba tagwaye ba ne, ya ba ni kusan shekara biyu. Yadda aka yi shi ne rana ɗaya Baffa ya kama hannunmu ya kai mu makaranta a 1972, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Hedimasta ya ce kowa ya ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunne. Yaya ya kamo nasa har da rara, ni kuwa da ƙyar ɗan yatsana ya shafi nawa. Malam ya dubi rajista, ya dube mu, sai ya raba mana gardama: ya rage wa Yaya shekara guda, ya ɗora mini ita.

Da wannan rana aka ɗauke ni aikin gwamnati, da ita kuma aka sallame ni a farkon 2025, aka ce na cika sittin. Ban yi ƙorafi ba. Ni da kaina na sa hannu a takardar rantsuwar shekaru lokacin neman aiki, ina sane da cewa ranar ta aro ce. Amma zaman gida yana sa mutum tone-tone, kuma akwai wata magana da na tashi da ita a kunne tun ina yaro, wadda ban taɓa zama na auna ta ba.

Maganar ta Gwaggo ce, ƙanwar mahaifina. A duk taron suna ko biki, in hira ta biyo ta kaina, sai ta ce, "Wannan ai ana harbe-harbe a Kaduna yana faɗowa. Daren da aka kashe Sardauna aka haife shi." Ta faɗa ta sake faɗa har ta zauna a bakin kowa, ni ma na riƙa gaya wa abokai haka da ɗan alfahari, kamar wani abin kirki na yi.

Shaidu uku nake da su a raye: Inna, da Gwaggo, da Kawu ƙanen Inna. Sai adakar Baba, Allah ya jiƙansa, wadda ba a buɗe ba tun bayan rabon gado. Na ƙudurta ba zan haɗa su wuri ɗaya ba, domin in Gwaggo ta fara magana babu mai sa baki. Na kuma lura tun farko cewa tambayar "yaushe aka haife ni?" ba ta kai mutum ko'ina. Tsohuwa za ta ce da kai da sanyi ne, shi ke nan. Tambayoyin da suka yi aiki su ne irin su wa ya dafa ruwan wanka, me aka ci, wa ya zo, wa ba ya gari.

Shekarar ce ta fara fitowa, kuma ba ta ba da wahala ba. Inna ta ce an kawo ta gidan Baba "shekarar da aka yi sarki uku", tun Sarki Sanusi yana kan gado. Wannan 1963 ce, babu ja: a cikinta Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya bar sarauta aka kai shi Azare, Muhammadu Inuwa ya hau ya yi 'yan watanni ya rasu, aka naɗa Ado Bayero a watan Oktoba. A adakar Baba kuma, ƙarƙashin tsofaffin takardun haraji, na sami wani littafin fiƙihu da bangonsa ya rabu, a cikin bangon ya rubuta haihuwar Yaya da ajami: watan Ƙaramar Sallah, hijira 1383. In aka juya shi ya faɗa tsakanin tsakiyar Fabrairu da tsakiyar Maris na 1964. Inna ba ta ce uffan a kan wannan ba, har yau ba ta kama sunan Yaya, ɗan fari ne. Amma lissafin ya isa. Wanda aka haifa a Fabrairun 1964 ba zai yi ƙane a 1 ga Janairun 1965 ba a gidan da ake shayarwa kusan shekara biyu. Kawu ya ƙara ɗaure zancen ta ɗaya gefen. Ya ce ranar da ya zo sallama zai tafi ɗaukar soja, bayan an fara yaƙin basasa, ya tarar ana shirin kai ni yaye gidan kakata. An fara yaƙin ran 6 ga Yuli 1967.

Na juya bangon littafin nan gaba da baya ina neman nawa rubutun. Babu. Akwai na ƙanwata da ta biyo ni, akwai na autanmu, ni kaɗai aka tsallake. Na ɗan ji abin a raina, ban ɓoye ba. Daga baya ne na gane dalili.

Abin da tarihi ya riƙe game da wannan dare sananne ne. Kafin asubahin Asabar 15 ga Janairu 1966, Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya jagoranci sojoji suka far wa gidan Firimiyan Jihar Arewa a Kaduna, suka kashe Sir Ahmadu Bello tare da uwargidansa Hafsatu. A wannan daren aka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh a Legas, aka kashe Firimiya Akintola a Ibadan, aka kashe manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Muhammad, da Laftanar Kanar Abogo Largema, da Laftanar Kanar James Pam, da Birgediya Ademulegun. A lissafin wata kuwa ana cikin azumin 1385 ne, wanda ya kama wajen 24 ga Disamba 1965. Ke nan Asabar ɗin ta faɗa wajen 23 ga wata, da bambancin kwana ɗaya ko biyu gwargwadon ganin wata, Sallah kuma ta zo wajen 22 ko 23 ga Janairu. Goman marmari ta wuce, goman wuya ta wuce, ana cikin goman ɗokin Sallah.

Duk shaiduna uku sun yarda da azumi ne, da sanyi ne, kuma a makon ne. Wurin ranar aka rabu, kuma abin dariya, Gwaggo da bakinta ta fara rusa maganarta. Da na shiga ɗakinta na durƙusa, cewa ta yi, "A'a, Ɗanlami, yau kai ne a gidan?" Shekara sittin tana kirana da wannan suna, ni ma shekara sittin ina amsawa, ba wanda ya tsaya ya ce, to ai Ɗanlami ɗan Alhamis ne. Da ranar Asabar aka haife ni da Ɗan'asabe za a ce. Kakata ta wajen uba ce ta laƙaba mini shi, don sunan mijinta aka sa mini, ba za ta iya kamawa ba. Tsofaffin nan kuwa ba sa wasa da irin wannan. Talatu ba ta zama Laraba, Ɗanjuma ba ya zama Ɗanladi. Lakabin gida takardar haihuwa ce da ba ta jiƙewa: Azumi, Sallau, Anaruwa, Tanko, Gambo, kowanne yana ɗauke da labarin lokacin da aka zo ko wanda aka biyo.

Alhamis uku ne ke iya shiga zancen, 6 da 13 da 20 ga Janairu. Nan ne Inna ta yi mini aikin da babu wani kundin ajiya da zai yi.

Na same ta da hantsi a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na ce, "Inna, azumi nawa kika sha a haihuwata?" Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Tara ne ko goma. Ban sha ko ɗaya ba sai da naƙuda ta kama ni, kakarka tana ta faɗa. Na rama su bayan na gama wanka, zafi ya fara shigowa." Mace na iya manta shekarar da aka yi abu, amma da wuya ta manta bashin azumin da ke kanta. Da a Alhamis 6 ga wata ne, da azumi sha shida ko sha bakwai za ta rama. Da a 20 ga wata ne, biyu ko uku ne. Tara ko goma na Alhamis 13 ga wata ne kawai.

Sai ta ajiye faifan, ta ci gaba ba tare da na tambaya ba. Ta ce ranar kwana uku wanzami ya zo cire mini beli kamar yadda aka saba. Ya makara, har kakata ta aika yaro. Da ya iso bai tsaya dogon gaisuwa ba, ya zauna a bakin ƙofa ya ajiye zabira, sai aka ga hannunsa na rawa. Kakata ta ce, "Kai lafiya? Da wannan hannun za ka taɓa mini jika?" Ya ce a kasuwa ana ta cewa soja sun kashe Sardauna a Kaduna. Kakata ta ce ya rufe bakinsa, da azumi a bakin mutum ba ya faɗin abin da bai gani ba. Ta karɓe ni daga hannun ungozoma ta ce a bar aikin sai gobe. Inna ta ce ita tana ɗaki a kan gado, da garwashi a ƙarƙashi, abin da ta fi tunawa shi ne yadda unguwar ta yi tsit, ko dakan yamma ba ta ji an yi ba. Da rana maza suka taru a zauren wani maƙwabci mai rediyo, aka ji wani soja yana magana da Turanci daga Kaduna, wani ɗan makaranta yana fassara musu. Wannan ya yi daidai da jawabin da Nzeogwu ya yi a gidan rediyon Kaduna ranar, inda ya ayyana dokar soja a Arewa. Alhamis, Juma'a, Asabar: kwana uku ke nan a ƙirgen gida.

Huɗuba ma ta ba da shaida. Kawu ya ce da labarin ya tabbata, shi da wasu samari sun so a sa mini sunan Firimiya, Baffa ya ce an riga an yi wa yaro huɗuba da sunan kakansa tun ranar da ya zo, ba a warware huɗuba don labarin duniya. Ɗan wata gwaggon da aka haifa bayan Sallah shi ya samu sunan.

Ranar sunan ita ce ta rufe ƙofa. In Asabar aka haife ni, suna zai zagayo Asabar 22 ga wata, ko dai ranar Sallah ko jajibirinta, kuma babu gidan da zai manta da haɗuwar suna da Sallah. Abin da su ukun suka tuna daban ne. An raɗa suna da sassafe ana azumi, aka raba goro kowa ya jefa a aljihu sai an sha ruwa. Ba kiɗa, maroƙi ɗaya ne ya leƙo, shi ma bai ɗaga murya ba. Mata suka taru bayan magariba suka watse kafin a tashi daga asham. Aka soya naman washegari, Juma'a. Gwaggo da kanta ta ce, "Da naman sunanka muka yi Sallah." A wannan Juma'ar, 21 ga wata, aka tsinci gawar Tafawa Ɓalewa a gefen hanya a wajen Legas, aka kai shi Bauci aka binne.

Game da bangon littafi kuwa, Baba ba ya gari. Malamin sikeli ne a wajen wani dillalin gyaɗa, kuma Janairu tsakiyar kakar ciniki ce, lokacin da ake ta jera buhuna ana tayar da dala a Kano. Yana can wani ƙauye yana awo aka haife ni. Saƙon haihuwa da labarin Kaduna kusan tare suka same shi, ya biyo lorin gyaɗa ya iso gida ranar Lahadi, ranar da Janar Aguiyi-Ironsi ya karɓi mulki da dare. Inna ta ce kwana biyu bai fita ba, kuɗin uban gidansa na cikin jaka a ƙarƙashin katifa, bai san ko za a ci gaba da ciniki ba. Mutumin da ke cikin wannan hali ba ya tuna tawada da alƙalami.

Ban ga laifin Gwaggo ba. Tana da shekara goma sha huɗu ko sha biyar a lokacin, ita ke hura wutar ruwan wanka tun duhun asuba, ita ke zuwa yanko ganyen darbejiya. A ranta makon gaba ɗaya dare ɗaya ne mai tsawo, da jariri a farkonsa da mutuwa a tsakiyarsa. Babban al'amari kuma yana da wannan hali na jan ƙananan da ke kusa da shi su manne masa. Na tabbata in aka tara duk waɗanda aka ce an haifa "ranar da aka kashe Murtala", za a tarar Juma'ar 13 ga Fabrairu 1976 ta yi musu kaɗan, wasu na Laraba ne, wasu na makon gaba. Duk da haka kuskuren Gwaggo na kwana biyu ne. Na hedimasta, mai rajista da biro, shekara guda ne da kwana goma sha biyu.

Wannan hanyar ƙirga ba ƙauyanci ba ce, kamar yadda muka ɗauka muna 'yan makaranta. Haihuwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Shekarar Giwa aka riƙe ta, kuma ranar Litinin ta fi tabbata a wajen malamai fiye da kwanan watan. Sai a zamanin Sayyadina Umar aka tsayar da ƙirgen hijira. Kakanninmu sun riƙe shekaru da zuwan Nasara Kano a 1903, da yunwar Kakalaba ta wajen 1914, da zuwan Sarauniya a 1956, da canjin kuɗi na 1973 da fam ɗaya ya koma naira biyu. Ko Obasanjo, da ya mulki ƙasar nan sau biyu, ya sha faɗa a bainar jama'a cewa bai san ainihin ranar haihuwarsa ba, abin da mahaifiyarsa ta gaya masa shi ne ranar kasuwar Ifo ce.

Da ranar ta samu, sai na shiga duba abin da duniya ke ciki a kwanakin. Abin ya ba ni mamaki. Ran 11 da 12 ga Janairu Tafawa Ɓalewa yana karɓar shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas, ana taro a kan rikicin Rodeshiya, wato ana gama taron da kwana ɗaya na zo, shi kuma saura masa kwana biyu a mulki. Ran 11 ga wata Firayim Ministan Indiya Lal Bahadur Shastri ya rasu a Tashkent, kafin watan ya ƙare Indira Gandhi ta hau. Jaridar New Nigerian ta girme ni da kwana goma sha biyu kacal, ran 1 ga Janairu ta fara fita a Kaduna. Juyin mulki kuwa kamar annoba yake yawo a lokacin: Mobutu a Kwango a watan Nuwamba, Soglo a Dahomey a Disamba, Bokassa a Afirka ta Tsakiya a daren sabuwar shekara, Lamizana a Upper Volta ran 3 ga Janairu. Ina kwana arba'in da biyu a duniya, Inna ta gama wanka ke nan, aka kifar da Nkrumah a Gana ran 24 ga Fabrairu. A Kano kuma, kwamandan bataliya ta biyar da ya ƙi bin masu juyin mulkin a wannan Asabar shi ne Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu, mutumin da Kawu zai tafi yaƙa bayan shekara ɗaya da rabi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba ya cikin littattafai. Da muna maganar suna, Inna ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe, ta fito da wani guntun bargo ja da ya koɗe, wanda na san shi tun ina yaro a ƙasan adakarta ban taɓa tambaya ba. Ta ce wani makanike ɗan ƙabilar Ibo ne ya kawo shi ranar suna, shi ke gyaran lorin uban gidan Baba a Sabon Gari. Ya zo da sassafe cikin sanyin nan, a makon da mutane ke kallon irinsa da wani ido, ya tsaya a ƙofar gida bai shiga taro ba. Baba ya fita ya kamo hannunsa ya zaunar da shi a kan tabarma kusa da liman, aka ba shi goro, shi kaɗai ya ci nasa a wurin. Bayan dokar Ironsi ta haɗe ƙasa a watan Mayu aka yi tarzoma, aka yi juyin mulki na biyu ran 29 ga Yuli, sannan aka yi kashe-kashen Satumba da Oktoba. A na ƙarshen ne mutumin ya kwana biyu a ɗakin ajiyar buhunan Baba, a rana ta uku aka saka shi a lori cikin kaya aka kai shi tasha. Ba a sake jin labarinsa ba. Baba bai taɓa ba mu wannan labari ba, Inna ma ta ce ba ta ga abin faɗa a ciki ba, tambaya ce ban yi ba.

Saura ƙulli ɗaya da na kasa kwancewa. A ƙirgenmu dare ke gaba da yini, daren Alhamis yana farawa ne daga magaribar Laraba. Inna ta ce naƙuda ta tsananta bayan asham, kuma ba a daɗe ba. Gwaggo ta ce tana tsaye a madafa ana ɗumamen sahur ta ji kukana. In ta Inna ce, mai yiwuwa sha biyun dare ba ta yi ba, a lissafin boko 12 ga wata ke nan. In ta Gwaggo ce, 13 ne. Babu agogo a ɗakin, ungozoma da kakata duk sun riga mu gidan gaskiya. Na ɗauki 13, ko don in bar wa Gwaggo wani abu.

Na koma wajenta da takardata, na zayyana mata komai, azumi tara, wanzami, goro, naman Sallah. Ta saurara har ƙarshe tana jan carbi. Ta ce, "To, Ɗanlami, Alhamis da Asabar ba duk mako ɗaya ba ne?" Na ce haka ne, Gwaggo. Bayan sati biyu aka yi sunan jikan Yaya. Ina zaure ina jiyo muryarta daga cikin gida, tana gaya wa matan da suka zo cewa ana harbe-harbe a Kaduna ina faɗowa.